Zare da Makullin Mota

A gaban zanen wani kifi mai riƙe da lema Fumika ta fara ganin Shunpei.

Hutun Obon ne, lokacin da kowa ke kama hanya zuwa share kaburburan iyaye. Babanta Genzo kafinta ya kwaso su daga Niigata za su Aizu inda kaburburan kakanninta suke, shi ne a sitiyari, don shekara talatin bai taɓa ba wani mahaluki tuƙin motarsa ba. Fumika ce ta nace sai an ratsa gidan zane-zanen da ke bakin tafki, na mutanen nan masu zana mafarkinsu.

Genzo ya tsaya gaban wata matakala da aka zana ta hau sama ta ƙare cikin kunnen mutum.

"Wanda ya yi wannan, da a wurina yake aiki, da yau ya tattara kayansa."

Fumika ta tuntsire da dariya. Wani ma ya yi a bayanta, ya yi maza ya toshe baki da farar safar hannu. Ta waiga, ya rusuna, kunnuwansa suka yi ja. Shunpei ke nan, mai rataye zane-zanen gidan. Kafin uwarta Tomie ta gama zaɓen tsarabar maƙwabta, yaran nan sun karɓi lambar juna. Ban ce na yaba da saurin ba, amma haka aka yi.

Tun ba su kai Aizu ba saƙo ya shigo.

"Kifin nan ya ce in tambaye ki, yaushe za ki dawo? Ya gaji da riƙon lema."

Ta rubuta: "Ka ce masa ya daure. Kai kuma, Jan Kunne, ka koma bakin aikinka."

Shekara guda ana haka, yana kiranta Kifina, tana hawan bas duk ƙarshen wata. Ranar da ta kai maganar gida, Genzo ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Mutumin da ke wuni cikin karkatattun abubuwa, idonsa ma ya karkace. Ga Noboru ɗan mai katako, yaro miƙaƙƙe kamar ginshiƙi."

"Baba, ginshiƙi ba ya hira."

"Ba ya faɗuwa kuma."

Tomie ta zuba masa shayi ta ce, "Kai da ba ka yanke katako sai ka auna, yau za ka yanke ɗan mutane da ka?"

Sai Genzo ya ce Obon mai zuwa zai je ya auna aikin yaron da hannunsa. In ya sami zane ɗaya a karkace, kada a sake yi masa zancen.

Fumika ta aika: "Baba na zuwa da ma'auninsa. Na kasa cin abinci."

Amsa ta zo: "Ki ci, Kifina. Ni ne ya kamata in kasa, kuma na kasa."

Ranar tafiya tun asuba suka fita. Tomie na miƙa dunƙulen shinkafa baya, Fumika na ƙirga ramukan dutsen da mota ke ratsawa, tana waƙa, tana fasawa, tana tambayar saura nisa nawa kamar 'yar shekara biyar.

Shunpei na jiransu a bakin ɗakin farko. Genzo bai ko amsa gaisuwa sosai ba, ya zaro ɗan ma'auninsa na katako mai ƙwayar iska a tsakiya, ya nufi zanen kifin zai ɗora a kan firam.

Sai yaron ya sha gabansa, ya rusuna har ƙasa.

"Ka gafarce ni, Baba. Ba a taɓawa."

"Ka san ko wane ne ni?"

"Na sani. Amma amana aka ba ni, ko mai gidan nan ba ya taɓawa da hannu tsirara."

Fumika ta san babanta, ba a taɓa ce masa a'a a gaban mutane ba.

Genzo ya mayar da ma'aunin aljihu, ya miƙa wa matarsa hannu.

"Ba ni zare."

Tomie ta ciro daga jakar ɗinkinta. Ya ɗaura makullin mota a bakin zaren, ya ja baya taku uku, ya ɗaga hannu har makullin ya daina lilo, ya rufe ido ɗaya ya daidaita zaren da gefen firam. Daga nan ya wuce na gaba. Baƙi suka fara binsa a baya, wasu na tsammanin shi ma cikin abin kallon yake. Ɗaki huɗu ya zaga, bai tsallake ko ɗaya ba.

A ƙarshe ya nuna ƙasa. "Daben ɗakin nan ya ɗan kwanta wajen tafki."

"Kaurin ƙwayar shinkafa biyu, Baba. Shi ya sa ba na auno daga ƙasa."

"Uku ne," in ji Genzo. "Yaushe kake tashi daga aiki?"

"Ƙarfe biyar."

"Za mu jira."

Da biyar ta yi, ya kwance zaren, ya cilla wa Shunpei makullin, ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da 'yarsa. Tomie ta rufe baki da hannu. Fumika kuwa kuka da dariya suka haɗe mata.

Genzo ya ce, "Kai mu Aizu, ka gaida kakanninta. Kuma ka bi hanya a hankali, ba mafarki kake tuƙawa ba."

Da furannin itatuwan ceri suka buɗe da bazara aka ɗaura aure a wurin ibadar unguwarsu, Noboru ma ya zo da kyautar tebur. Hoton bikin, ango ne ya rataye shi a falon surukinsa, kuma har yau Genzo bai ɗaga masa zare ba. Fatanmu gidansu ya zauna daidai, zuriyarsu ta miƙe, su tsufa tare cikin lafiya.