Bakin Tekun da Babu Kowa

A tashar jirgin ƙasa ta Bukit Jalil suka fara haɗuwa. Walida na tsaye tana latsa waya tana mita ita kaɗai, wai shekararta guda a Malesiya ba ta taɓa tsoma ƙafa a teku ba, don duk inda ta je sai ta tarar da Turawa kwance rabi tsirara. Sai ta ji an ce daga bayanta:

"Akwai inda babu su, ranki ya daɗe."

Ta waiwayo a kunyace. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya. Sunansa Abdussalam, ɗan Yawuri, yana digiri na uku a kan ilimin teku. Ita kuma Bakanuwa ce mai digiri na biyu. Kafin jirgi ya kai tashar Masjid Jamek ya karɓi lambarta, wai don ya turo mata sunayen wurare. Wuraren dai ba su zo ba, amma saƙo kullum sai ya zo.

"'Yar tudu, kin yi makan kuwa, ko in yo miki tapau?" Da ɗan Malayancinsa, wato ta ci abinci ko ya ƙunso mata.

"Na ci, Sarkin Ruwana. Kai dai ka daina zama da yunwa a lab."

So ya kama su sosai, har ya tura magabatansa Kano. A nan aka sami cikas. Hajjo, mahaifiyar Walida, ta ji cewa zuriyarsu Sarkawa ne, masunta, kakansa ma shi ne mai kula da ruwan garinsu.

"Mutanen da ke magana da aljanun ruwa?" ta ce a waya. "Ba da 'yata ba. Ga Hisham nan, ɗan yayata, a gabanki yake."

Walida ta yi kuka har ta gaji. Da Hajjo ta zo bikin kammala karatun 'yarta, sai ta kafa doka: babu kira, babu saƙo.

Bayan biki da kwana biyu Hajjo ta ce tana son ganin teku, amma ba inda ake zubar da mutunci ba. Hisham, wanda ke karatu a nan Kuala Lumpur kuma yake ji da motarsa, ya ce ya samo wuri a intanet, babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya.

Awa biyu suka yi suna ratsa gonakin kwakwar manja, har kwalta ta ƙare. Bayan la'asar suka isa. Gaskiyar Hisham, babu kowa. Amma tekun ma babu shi. Yashi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe iya ganin ido, jiragen masunta kwance a gefensu kamar an kwantar da marasa lafiya. Can nesa ruwa na ɗan ƙyalli. Babu iska, babu kukan tsuntsu, sai takun ƙafarsu.

Wani tsoho a ƙofar rumfa ya yi ta ɗaga musu hannu yana magana da Malayanci.

"Kwakwa yake so ya sayar mana," in ji Hisham, yana kwaikwayon maganar 'yan ƙasar. "Mu je lah."

Suka yi ta tafiya, ruwan bai matso ba. Walida ta ɗan tsaya. Da ta waiwaya, motar ta zama ɗigo. Sai ta karya doka, ta ɗauki hoto ta tura.

"Ga ni a teku, amma ba kai."

Amsa ta zo nan take.

"Walida, turo min location. Yanzu."

Ta tura. Ko minti ba a yi ba wayar ta ɗauki ƙara, muryarsa ba irin wadda ta sani ba.

"Ku juya. Ruwa ya fara dawowa, kuma a wurin nan ta baya yake zagayowa. Duba bayanki."

Ta duba. Tsakaninsu da gaɓa, inda suka taka busasshen yashi ɗazu, wani siririn ruwa na tafiya shiru, yana faɗaɗa. Ba igiya, ba ƙara. Sawayensu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

"Innalillahi!" Hajjo ta dafe ƙirji. "Da wa kike magana? Shi ne ko? Kin kira shi aljanunsa sun ji, ga su nan sun taso!"

Hisham ya tattare wando, ya ce bari ya je ya nemo taimako. Gudun da ya yi kuwa, taimakon kansa ya fara nemowa.

Ruwa ya kai idon sawu, mai ɗumi, yana ja a hankali. Hajjo ta kafe ta ƙi motsi, sai addu'a take jerowa.

"Ba Umma wayar," in ji Abdussalam.

Walida ta kara mata a kunne, ta sa kowa na ji.

"Umma, ki yi haƙuri, ni ne. Wallahi ba ni da aljani ko guda. Jadawali ne a gabana, sau biyu a rana ruwan nan yake tafiya ya dawo da ikon Allah. Kina ganin sanduna a jere ta hannun dama?"

Hajjo ta duba. Sannan ta ce, "Ina gani."

"Masunta ne suka kafa su a kan tudu. Ki riƙe hannun Walida, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Kar ku yanke, tsakiyar laka ce. Ina tare da ku."

Suka bi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, zanin Hajjo ya yi nauyi. Shi kuwa yana ƙirga musu sanduna, yana cewa saura kaɗan, Umma, sannu Umma. A sanda ta ƙarshe tsohon nan ya tarbe su cikin ruwa ya kama hannun Hajjo. Da suka hau gaɓa suka waiwaya, babu yashi ko taki ɗaya, jiragen duk sun miƙe suna lilo.

Suka shiga mota suka kamo hanyar gari. Walida ta sadaƙar, don ta san ta karya doka. Sai a ƙofar masauki Hajjo ta yi magana, ba ta ko dube ta ba.

"Ki ce masa ya zo gobe ya gaishe ni."

"Umma, aljanun fa?"

"Idan ma yana da su, sun fi wasu mutanen hankali."

Hisham ya sunkuyar da kai kan sitiyari.

Bayan wata uku aka ɗaura aure a Kano, Sarkawa suka cika unguwa da kyautar busasshen kifi. Da za a fita da amarya, Hajjo ta kama hannun 'yarta ta ɗora a na angon, hawaye na zuba.

"Na taɓa bin maganarka ido rufe, na tsira. Ga ta nan, ita ma ka riƙe min ita haka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Abdussalam ya durƙusa har ƙasa ya ce amin, ɗakin ya amsa gaba ɗaya.