Ƙaryar Abdulghani

Tun kafin a zuba gahawa Zinariya ta san yau asirinta zai iya tonuwa.

Kawu Bawa, ƙanin marigayi mahaifinta, ya zo umara daga Gumel, kuma a bakinsa maganar aurenta take. Ga shi zaune a falonsu na unguwar Balad a Jidda ya harɗe ƙafafu. Ga Abdulghani, direban nan Ba'indiye da ke aiki a unguwar Abhur, ya takure a bakin ƙofa kamar wanda ya zo ɗaukar hukunci.

Kawu ba ya jin Larabci, Abdulghani ba ya jin Hausa, Ummanta Mariyamu kuwa ta laɓe bayan labule don kara. Dole Zinariya ce tafinta.

Matsalar ɗaya ce. Tun bara ta cika gidan da cewa masoyinta ɗan Bombay ne. Ƙawayenta da suka girma a gaban finafinan Indiya har kishi suke yi, ita kuma tana hura hanci. Yaya za ta ce musu daga wani lungu ya fito?

"Tambaye shi asalinsa," in ji Kawu.

Ta tambaya. Bai ma rufe baki ba ta yi caraf. "Ya ce Bombay, Kawu. Babban birni."

Abdulghani ya tsinci sunan a cikin Hausarta. Ya girgiza kai, da Larabcinsa irin na makarantar allo.

"La, la... ƙarya! Ƙarya sagira!"

Kawu ya ajiye kofi.

"Ikon Allah! Ashe yana jin Hausa? Ya ce ƙarya kike yi."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta yi bayani cewa a Larabci ƙarya ƙauye ne, cewa yake yi ƙauyensu ƙarami ne. Sai da ta faɗa ta gane ba ta gyara komai ba, domin ta kowane harshe maganarsa gaskiya ce.

"To yanzu ki fassara min daidai," Kawu ya ce a hankali.

Haka ta yi, kanta a sunkuye. Mutanen garin ba su kai ɗari bakwai ba, har da jarirai. Ladan in ya yi kira daga wannan gefe, na wancan gefen yana ji ba tare da lasifika ba. Jirgin ƙasa ba ya bi ta wurin, sai an yi rabin yini kafin a kai tasha. Bas ɗaya ke shiga a rana, da damina kuwa in gada ta nutse sai keken shanu. Abdulghani yana faɗa yana murmushi, idonsa har ƙyalli yake. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mata rai.

Kawu ya juyo gare ta.

"Ƙauyen da aka haifi ubanki ko bas ɗin ba ya zuwa, Zinariya. A kan jaki ya fito. Shi ma da Bombay za ki kira shi?"

Hawaye suka ɓalle mata. Abdulghani ya rikice, yana tambayar me ya faɗa ba daidai ba. Ba ta da mafaka. Ta gaya masa ma'anar kalmar a Hausa, ta gaya masa abin da ta yi ta faɗa wa mutane shekara guda. Tana kallo murmushin ya bar fuskarsa.

"Kunyar garinmu kike ji?"

"Kunyar kaina nake ji, wallahi... ka yafe min, ya galbi, zuciyata."

Ya kau da kai gefe.

"Gaya masa na ba shi," in ji Kawu, "in har yanzu yana so. Wannan ma ki fassara daidai."

Ta fassara masa. Abdulghani ya ƙura wa darduma ido, har ta fidda rai. Can ya ɗago, ya miƙo mata hankicinsa.

"Halas, ya wuce, habibti. Amma ki sani, bas ɗin namu ba ya jiran kowa. Kada ki sa mu makara."