Ƙofar da Auta Ya Kafa wa Inna

Ni mai yankan gilashi ne, kuma bango ɗaya ne ya raba shagona da na waɗannan 'yan'uwa biyu. Rabin abin da zan faɗa da idona na gani. Sauran daga bakin wanda ya aikata na ji, a lokacin da ƙarya ba ta da sauran amfani a gare shi.

Kafintoci ne, ƙofofin katako na shiga gida suke yi, sana'ar da suka gada a wurin mahaifinsu. Babban, kowa Yaya yake ce masa, har mu da ba ƙannensa ba. Shi ne mai hannu. In ya kwantar da katakon maɗaci a kan benci, sai ya yi ta shafa shi yana kallo kamar mai duba mara lafiya, kafin ya ɗauki cizal ya fara fitar da ganye da reshe a jikinsa. Ba ya sauri, kuma ba a sa shi sauri. Ƙaramin kuwa, Auta, shi ne mai baki. Shi ke zuwa awo, shi ke ciniki, shi ke kafawa. Yaya ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, har aure shi ya yi masa, alhali shi kansa tun da matarsa ta rasu bai sake ba. Yakan tsokane shi ya ce, "Auta, da baki yana sassaƙa, da ka gama wa duniya ƙofofi."

Suna samun na rufin asiri. Auta ne abin bai ishe shi ba. Wata rana ya koma wani katafaren gida gyara sakatar ƙofar da shi ya kafa, sai mai gadi ya tare shi ya nuna masa lungun baya.

"Wannan ta baƙi ce," in ji mai gadin.

"Ni na kafa ta fa."

"To ai ka kafa, ka gama."

Ya dawo shago ranar, abin ya tsaya masa a rai. Daga nan ya fara yawan zama wurin mai sayar musu da katako, mutumin da a ɗan lokaci ya tashi daga rumfa ɗaya zuwa manyan motoci. An daɗe ba a ga matar mutumin nan ba, ana cewa ba ta da lafiya. Auta bai tambaya ba. Hanyar wurin bokan da ya yi wa mutumin aiki kawai ya tambaya, aka kwatanta masa.

Wurin wani tsohon gidan tsaga katako ne a bayan gari, injinansa duk sun yi tsatsa. Da tsakar rana ya je, amma ya ce yana shiga sai sanyi ya kama shi har cikin haƙori. A can ƙarshe akwai ɗaki marar ƙyaure, dokin ƙofarsa ya yi baƙi ƙirin saboda abin da ake zuba masa. A ciki an jingina tsofaffin ƙyamare a bango, kowanne ɗaure da jan ƙyalle, wasu da ƙahoni a rataye, ga tukunya a kife a tsakiya tana fitar da hayaƙi ta ƙasa ba tare da wuta ba. Bokan ba shi da kamar boka. Dattijo ne tsaf, da farar riga, yana yanke farce.

"Me kake so?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ina so a riƙa neman ƙofofinmu."

"Naku, ko naka?"

"Nawa," in ji Auta.

"Yanzu ka yi magana. Ina da ma'aikata. Ba sa ci, ba sa karɓar lada. Duk wanda ya ga aikinka ba zai samu sukuni ba sai ya mallaki irinsa. Masauki kawai suke bukata."

"Jini fa? Ni ba zan kashe kowa ba."

"Wa ya ambaci jini? Ko kaza ba za ka yanka ba."

"Akwai ɗakin ajiya a gidanmu, babu kowa a ciki."

"Su za su zaɓa. Naka buɗewa ne kawai." Sai a nan ya ɗago ya dube shi. "Su wa ke gidanku, waɗanda in ka ƙwanƙwasa suke buɗe maka ba su tambayi ko wane ne ba?"

Auta ya gaya mini cewa ya san wannan tambaya ba ta da haɗi da ɗakin ajiya. Ya san haka sarai. Amma ya buɗe baki ya ce, "Inna. Da yayana. Da matata."

Bokan ya ce a kawo masa ƙyaure sabo, wanda hannun gidan ya sassaƙa da zuciya ɗaya.

Da yamma Auta ya zauna kusa da bencin Yaya ya ce, "Yaya, abin kunya ne fa. Muna yi wa gari ƙofofi, ta Inna kuwa langa-langa ce. Mu yi mata wadda ta fi kowace."

Ina wurin, na kawo gilashin wani aiki. Na ga Yaya ya ajiye cizal, idonsa ya ciko. Ya dafa kan ƙaninsa ya ce, "Ka riga ni tunani, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Bai taɓa yin aiki irin wannan ba. Katakon da ya daɗe yana ɓoyo ya fito da shi, ya zauna a kai har yatsunsa suka yi kanta a kan kanta. Da aka gama, Auta ya ɗora a mota ya ce zai kai a fesa mata man sheƙi. Bokan ya huda ƙasan ƙyauren, ya tura wani ƙulli na baƙar fata wanda Auta ya rantse yana motsi kamar mai numfashi, ya toshe ramin da guntun itace, ya shafe shi da wani mai mai warin ƙonannen gashi. Ya ce, "Ka kafa da hannunka. Ka tsaya daga ciki, ka kira waɗanda ka lissafa mini ɗaya bayan ɗaya, ka ce su shigo."

Haka ya yi, cikin wasa da dariya. Inna ta shigo tana dogara sanda tana sa masa albarka. Yaya ya shigo yana duba ko ƙyauren na goga ƙasa. Matar Auta, wadda muke kira Tela saboda ɗinki take yi, ta shigo da 'yarsu Ummi goye a bayanta tana cewa, "Yau kuma mu ne manyan baƙi?"

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Motoci suka riƙa tsayawa a lungun gidansu don kallon ƙofa. Mutanen da ba su ma fara gini ba suna zuwa a yi musu. Auta ya kama babban wuri a bakin titi, ya sa fitilu da gilasai, ni ma na ci aikin. Ya kafa allo da sunansa shi kaɗai. Yaya ya rage a tsohon shago yana sassaƙa, in baƙi suka tambayi wanda ke zanen, sai Auta ya ce, "Yarana ne ke yi." Maganar ta kai kunnen Yaya. Ya yi murmushi kawai ya ce, "Ƙuruciya ce, zai daina."

Inna aka fara da ita. Tana zaune a tsakar gida sai ta ce, "Ana sallama, ku duba." A duba babu kowa. Tun ana dariya ana cewa tsufa ne, har ta koma tashi da kanta tana buɗewa, tana matsawa gefe kamar mai ba mutane hanya, tana cewa, "Ku shigo mana, ɗana ne ya gayyace ku." Ta daina ci. Wata safiya Tela ta dawo daga kai ɗinki ta tarar da ita zaune a dokin ƙofa, hannunta a kan sakata, ta riga ta yi sanyi.

Bayan haka hannun Yaya ya sauya. Mutumin da ba a sa shi sauri ya koma fitar da ƙyaure bayan ƙyaure, ba hutu, ba cin abinci. Ta bango nake jin gudumarsa tun safe har in rufe shago. Na leƙa wata rana na ga yatsunsa suna jini, hannuwan suna ta aiki, shi kuwa fuskarsa na kallon wani gefe yana hawaye.

"Maƙwabci," ya ce mini, "riƙe mini hannun nan. Ba ni ke yi ba."

Na riƙe. Ƙarfin da ya fizge da shi ba na mutum ɗaya ba ne.

Auta ya koma wurin bokan a fusace. "Ɗaki ka ce mini."

"Masauki na ce. Kai ka lissafa mini su da bakinka, ni ban san sunan kowa ba."

"To a cire su daga jikin yayana."

"Abu mai sauƙi. Ka cire ƙyauren ka ƙona shi, yau ɗin nan. Za su fita, yayanka zai warke. Amma da hannun wa kake tsammani suke maka aiki? In sun tafi, da komai za su tafi."

A makon nan ne aka ba Auta aikin ƙofofin wata unguwa guda da ake ginawa. Ya ce mini ya je gida, ya tsaya gaban ƙyauren da abin kwance ƙusa a hannunsa. Sai ya ce a ransa, bari a gama wannan aikin tukuna.

Ya gaya wa dangi cewa ya kai Yaya asibitin ƙwaƙwalwa. Alhali a ɗakin bayan tsohon shago ya kulle shi da kwaɗo, yana tura masa katako da ruwa. Ni ya ce mini likita ne ya ce aiki yana kwantar masa da hankali. Tela ba ta yarda da zancen asibitin ba, domin kullum ta ce za ta je dubiya sai a kawo mata dalili. Ta biyo mijinta wata azahar, ta shigo shagona, na nuna mata inda bangon ke da tsaga. Tare muka ji.

Muryar Yaya ta fito tas, irin ta da. "Auta, zauna. Sun ɗan sake ni, ban san ko za su daɗe ba. Suna magana a cikina, sun ce kai ka kira su. Na ce ƙarya suke yi, ni na goye ka. Gaya mini ƙarya suke yi."

Muka ji Auta ya zauna, Yaya ya sake tambaya.

"Ƙofar Inna ce?"

"Yaya, ban san haka abin zai zama ba."

"Yanzu fa? Yanzu ka san maganinsa?"

Auta ya ce, "Aikin nan kawai za a gama, Yaya. Saura kaɗan."

Ban ji Yaya ya yi zagi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Da ka roƙe ni hannun nan, da na ba ka. Ai dama naka ne." Daga nan guduma ta ci gaba.

Tela ta tare mijinta a bakin shago. "Ni ma ka ba da sunana?"

Ya kasa dubanta.

"Da yarinyar a bayana na shiga, baban Ummi. Kana kallo, kana dariya."

"Ban ambace ta ba. Wallahi ban ambaci yarinyar ba."

"Amma ka ga ta shiga."

Ranar ta ɗauki 'yarta ta haura ta katangar baya, ta ƙi bin ƙofar, ta tafi gidan iyayenta. Ba ta tsira da ita ba. Yarinyar da ba ta gama iya magana ba ta fara nuna bakin ɗaki tana cewa ana sallama. Zazzaɓi ya biyo baya, aka rasa ta. Tela tana nan da rai, amma tun daga ranar ba wanda ya sake jin muryarta.

Yaya bai kai ƙarshen aikin ba. Na ji gudumar ta tsaya da hantsi, na kira mutane muka fasa kwaɗon. Yana kife a kan ƙyauren da bai gama ba, ya rame har ba a gane shi.

Sai a lokacin Auta ya cire ƙofar Inna ya cinna mata wuta a tsakar gida. Ta ci kamar kowane itace, ba abin da ya dawo. Waɗanda suka sayi ƙofofinsa suka fara jin ƙwanƙwasa a gidajensu da rana tsaka, yaransu na firgita. Ɗaya bayan ɗaya suka ɓalle su, suka zo suka jibge a gaban wurinsa na bakin titi, masu gina sabuwar unguwar suka kai shi kotu, aka kwashe komai. Ya koma gidan tsaga katakon ya tarar da bokan yana sallamar wani baƙo.

"Ka makara," in ji dattijon. "Masaukan da ka bayar sun ƙare, su kuwa ba sa kwana a waje. Duba wanda ya rage."

A gaban shagona ya ba ni labarin nan, a zaune a ƙasa, a ɗan tsakanin da hankalinsa ke dawowa. Yanzu ba ya dawowa. Yana yawo a titi, yatsunsa na sassaƙa iska, in ya ga mutum sai ya tsaya ya tambaya ko an ga yayansa.

Ku da ke jin cewa naku ya yi kaɗan, ku ji ni da kyau. Boka bai yaudari Auta da komai ba sai da abin da Auta ya yarda a yaudare shi. Ya ji tambayar, ya gane ta, ya amsa. Aka ba shi hanyar fita, ya ce sai an gama aiki. Duk mai ce maka zai ba ka dukiya ba tare da gumi ba, ba maƙiyanka zai nema ba, domin su ba sa buɗe maka. Waɗanda suka amince da kai zai nema, kuma kai ne za ka kira su da bakinka.