Harshen da Ya Rage wa Malam

“Ke da ba kya jin abin da yake faɗa, ta yaya za ki yi jinyarsa?”

Inna, surukata, ce ta jefo mini tambayar a bakin ƙofar ɗakinmu. Yaya Babba, wan mijina, yana tsaye a bayanta yana kallon ƙasa.

“Inna, ai shi yana jina...”

“Shi yana jinki, ke fa? Jiya tun safe yake faɗa miki ƙafarsa na ciwo, ke kuwa sai ɗura masa shayi kike yi. Da wansa bai leƙo ba fa?”

Gaskiya ta faɗa. Ta ce ƙarshen wata za su zo da mota su mayar da shi gidan Yaya Babba, inda har yara suna jin Turanci. Ni kuma in koma gidanmu in huta. Wai hutu, a raba ni da mijina a kira shi hutu.

Mijina malamin Turanci ne a firamare, kowa Malam yake ce masa, har da ni. Babur ne ya kayar da shi a hanyar makaranta, kansa ya bugu. Da ya farfaɗo a asibiti ya buɗe baki zai kira ni, sai Turanci ya fito. Duk abin da aka faɗa da Hausa yana ji, amma in zai amsa, da baki ko a rubuce, Turanci kaɗai ke zuwa. Likita ya ce akan samu haka, wataƙila Hausar ta dawo, wataƙila kuma ta tafi ke nan. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. A ce harshen da mutum ya sha a nono a zare shi daga bakinsa, a bar masa na makaranta.

Abin haushin, ni ce matar malamin Turancin da ko gaisuwa ba ta iya ba. Tun muna amarya da ango yake lallaɓa ni in koya, ina ce masa, “Tela ka aura, ba ’yar aji ɗaya ba.” Sai ya yi dariya ya ce taurin kaina ya fi ƙarfin alli.

Su Inna na fita na jawo keken ɗinkina har gaban gadonsa. Na ɗaga almakashi.

“Malam, wannan fa? Ya sunansa a bakinka?”

Ya daɗe yana kallona, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

“Scissors.”

Na gwada. Abin da ya fito daga bakina, ko masu Turancin da kansu ba za su shaida shi ba. Malam ya yi dariya har da hawaye, dariyarsa ta farko tun da aka sallamo shi.

Haka muka fara. In nuna, ya faɗa, in maimaita, ya girgiza kai, in sake. Ruwa, ƙofa, ciwo, barci, gajiya. Daga nan muka hau “ina so” da “ba na so”. Amma da baƙi sun shigo bakina mutuwa yake yi, kunya ba ta bari in furta ko kalma ɗaya.

Rannan hadari ya haɗo, ina tsakiyar ɗinka hannun wata riga, na ji ya ce, “Close the window, the rain is coming.”

Sai da na rufe tagar sannan na daskare a wurin, hannuna kan ƙarfen. Ba wanda ya fassara mini. Bai nuna da yatsa ba. Maganar ce ta shiga kunnena ta tashe ni tsaye da kanta. Na juyo ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

“Malam... na ji ka. Wallahi na ji ka!”

Ya miƙo mini hannu, na kama, ruwan ya sauko muna nan zaune.

Duk da haka ƙarshen wata bai fasa zuwa ba. Da hantsi motar Yaya Babba ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta sa na haɗa masa kaya, na haɗa zuciyata na suya. Yaya Babba ya zauna a gefen gadon.

“Ƙanina, ka shirya?”

Malam ya sassauta murya, ya yi magana da sauri, yadda yake tsammanin ba zan iya binsa ba.

“She is tired. She does not sleep, she does not eat. Take me. Let her rest. Don’t tell her.”

Yaya Babba ya yi gyaran murya. “Ya ce ya shirya, yana so ya bi mu.”

Ina tsaye riƙe da jakar. Kalmomin suka riƙa iso mini ɗaya bayan ɗaya, kowacce na san fuskarta.

“Yaya, ka yi haƙuri... ba iyakar abin da ya ce ke nan ba.”

Na dubi Inna.

“Cewa ya yi na gaji, ba na barci, ba na cin abinci. Wai ku tafi da shi don in huta. Kuma ya ce kar a faɗa mini.”

Inna ta juya wajen Yaya Babba. Ya gyaɗa kai a hankali, bakinsa a buɗe.

Na ajiye jakar na durƙusa gaban gadon. Da Hausa ma zai ji ni, amma so nake in same shi a inda yake.

“I am tired, yes. But you go... I don’t sleep. I don’t eat. Stay, my husband.”

Na san Turancin nawa a karye yake. Malam bai gyara mini ko ɗaya ba, ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

“Me ta ce masa?” in ji Inna.

“Ta ce in ya tafi, sannan ne ba za ta yi barci ba, ba za ta ci ba. Ta ce ya zauna.” Yaya Babba ne ya amsa mata.

Inna ta dube ni ta ce, “Kwance masa kayan nan.” Ta zauna a bakin gadon, ta yafito ni da hannu.

“’Yar nan, matso kusa. Wansa rage mini magana yake yi don kar in yi kuka. Ke kar ki rage.”

Ta dafa kan Malam. “Ɗana, ka gane ni kuwa?”

“Mother,” ya ce. “I hear you. Every day I hear you. Don’t cry.”

Inna ta zuba mini ido tana jira. Na fassara mata.

“Ya ce yana jinki, Inna. Kullum yana jinki. Ya ce kar ki yi kuka.”

“To ce masa...” Ta tsaya, hawaye na bin kuncinta, ta yi ’yar dariya. “A’a, ai yana jina. Ke dai zauna nan, ina da magana da shi da yawa.”