Sunan Da Kukuma Ba Ta Ɗauka Ba

"Sau ɗaya tak, Mairona... ki zo ki ga mahaifina. Daga nan in kin ce in haƙura, zan haƙura."

Mariyamu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. A ƙofar asibitin da take aikin jinya suke tsaye, Nasidi riƙe da kekensa, idanunsa duk sun faɗa. Sati uku ke nan da mahaifinta, Malam Sani na unguwar Kwarbai a birnin Zariya, ya yanke magana a zaure cewa ba zai haɗa jini da makaɗa ba. Bai tambayi halin yaron ba, bai ma tambayi sunan uban ba. Kabir ne ya kai masa labarin, ɗan ƙanensa, wanda ya daɗe yana yi wa Mariyamu kallon gonar gado.

Shi kuwa Nasidi ko gwangwani bai taɓa kaɗawa ba. Malamin makaranta ne, a hannun goggonsa ya tashi a Ƙofar Jatau. Mahaifin ne, Bahago mai kukuma, ya daɗe da komawa Jos, inda makaɗa suka yi sansani. A wannan Asabar ɗin zai yi wasa don tallafa wa yara masu shan inna, kuma asibitin su Mariyamu zai tura ma'aikata biyu.

"Malam fa?" ta tambaya a hankali.

"Ba na so ki saɓa masa. Ina dai so ki san wanda ake ƙi na dominsa."

Wannan maganar ce ta karya mata zuciya.

Ta gaya wa Inna Hajara, mahaifiyarta, cewa aikin taimakon yara ne za su je ita da ƙawarta Abigel ta Wusasa. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta ninke gaskiyar gida biyu ta ɓoye rabi. Da motarsu ta fita ta Ƙofar Doka ta waiwaya ta kalli ganuwa, sai ta ji tana kunyarta.

Abigel ce ta yi ta tsokanarta har Saminaka, wai wadda za ta ga suruki ba ta tafiya da fuskar ta'aziyya.

Bayan la'asar filin wasan na Jos ya cika. An jera yaran a gaba, wasu da sanduna, wasu a bayan uwayensu, ga mutanen rediyo suna watsa wasan kai tsaye. Makaɗa uku suka yi suka sauka kafin wani dattijo siriri ya hau, ya riƙe izgar kukuma da hannun hagu. Mariyamu ta kalli goshinsa, ta kalli na Nasidi da ke tsaye can gefe, ta yi murmushi. Da ya fara jan tsirkiya wata yarinya ta jefar da sandarta tana tafi, Mariyamu ta manta da duk wani tsoro.

Sai aka miƙa wa sanƙira wata takarda. Shi kuwa aikinsa ke nan, ya kira sunan mutum, mawaƙi ya ɗauka ya wasa shi da iyayensa da kakanninsa.

"Bahago, ga babbar baƙuwa daga birnin Zazzau! Mariyamu 'yar Malam Sani na Kwarbai!"

 Sunan Malam, a bakin maroƙi, a rediyo. Mutumin da ko gangar biki ya jiyo sai ya sake hanya. Ta damƙe hannun Abigel.

"Na shiga uku..."

Kukumar ta yi shiru.

Bahago ya tambayi sanƙira wane Malam Sanin, mai zaure kusa da tsohuwar rijiya? Aka ce shi. Dattijon ya ajiye kukumar a kan tabarma, ya ɗaga wa 'yan amshi hannu, ya jawo lasifika.

"Wannan suna ba na sa shi a kiɗa," ya ce. "Mai shi ba ya so, ni kuma ba zan yi masa abin da ba ya so ba. Amma da fatar baki zan faɗa."

Ya ce shekarar amai da gudawa matarsa ta rasu a birnin Zariya, ta bar masa jariri ɗan kwana biyar. Mutane na tsoron cutar, ga shi makaɗi, ya yi ta zaga zaurukan unguwa babu wanda ya fito. Wani matashin malami ne ya taso, ya yi mata salla, ya sa kafaɗa aka kai ta. Da kwana bakwai ya cika ya dawo ba a kira shi ba, ya raɗa wa yaron suna Abubakar.

"Na ce in yi masa waƙa, ya ce in yi masa addu'a. Shekara ashirin da biyar ina yi. Yaron ga shi can tsaye, shi ake kira Nasidi. Yarinya, ki gaida mini babanki."

Mariyamu ta duba. Nasidi ya rufe fuska da hularsa. Ashe shi ma bai sani ba, don kunya ta hana shi gaya wa tsohon an ƙi shi, balle ya faɗi gidan.

Bayan an tashi ta je ta durƙusa ta gaida Bahago. Ya kalle ta, ya kalli ɗansa da ya kasa ɗago kai, ya gane komai. Ya sa mata albarka.

"Ko Malam bai yarda ba," Nasidi ya ce mata da zai sa su a mota washegari, "yau na san ina da uba biyu."

"Ni kuma na san ba zan ce ka haƙura ba, Abubakar."

Ran Lahadi da yamma ta shiga gida. Inna Hajara ta ja ta ɗaki, ta fara da faɗa, faɗan ya ƙare da dariya. Ta ce ai Kabir ne ya tura abokinsa da takardar, shi kuma ya sunkuci rediyo har zaure ya kunna wa Malam a gaban ɗalibai, wai ya ji inda 'yarsa take. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Kafin Bahago ya gama magana Kabir ya nemi takalmansa ya rasa ɗaya.

 Yanzu ga Malam yana kiranta.

Ta same shi a kan buzunsa, littafi a buɗe amma ba karatu yake ba. Ta durƙusa nesa.

"Kin ɓoye mini."

"Na yi laifi, Malam. Ka yafe mini."

Ya ja carbinsa. Tana jiran a ce kada ta sake ambaton yaron.

"Na manta da ranar nan," ya ce. "Shi bai manta ba. Ga mutane dubu, ga rediyo, ga sunana an ɗora masa a hannu, ya ajiye sana'arsa don kada ya ɓata mini rai. Ni kuwa ko sunansa ban tambaya ba."

Ya yi gyaran murya.

"Wannan yaron... a tafin hannuna na riƙe shi. Kuka yake ta yi, sai da na yi masa kiran salla a kunne ya yi shiru."

Hawayen Mariyamu suka zubo kan tabarma.

"Ki ce ya turo magabatansa ranar Juma'a. Kada a wakilta kowa, Bahago nake son gani da kansa."

Ta miƙe da ƙyar, har ta kai bakin ƙofa ya sake kiranta.

"Mariyamu. In zai zo da kukumarsa, kada a ce ya bar ta a waje. Zauren nan zai ɗauke su su biyun."