Birkin Ƙarya

Tun da aka sa musu rana, Baban Malama ya yarda Mai Babur ya riƙa kai ta makarantar da take koyarwa, amma da sharaɗi: jakar littattafanta ta zauna a tsakaninsu. Ba a ɗaura ba tukuna, jiki bai halatta ga jiki ba.

Shi kuwa baki gare shi kamar rediyo. Ya raɗa wa jakar suna Surukata, kullum sai ya rusuna ya tambaye ta ya ciwon ƙafa. Malama ta yi ta dariya cikin mayafi.

Abokansa na tasha ne suka zuga shi, wai duk masu babur shi kaɗai bai san amfanin birki ba. Ran nan a kan titi fes, ba rami ba akuya, ya take shi da ƙarfi. Jaka ta yi ƙasa, Malama ta faɗo bayansa ta ƙanƙame shi.

Daɗin bai je ko'ina ba. Ta sauka ido jajir da kuka, tana istigfari.

Da yamma Baba ya kira shi ya dafa kafaɗarsa. Wai 'yarsa ta ce ya kauce wa hatsari, Allah ya yi albarka, irinsa ake ba amana. Mai Babur ya yi sallama ya fice, kunya ta ishe shi.

Washegari ya kashe babur a ƙofar gidansu, ya kasa ɗago kai.

"Masoyiyata... jiya babu komai a gabana. Da gangan na yi."

"Na sani. Ina ganin titin ta saman kafaɗarka."

"To me ya sa kika gaya wa Baba..."

"Na yi masa ƙarya saboda kai. Kuma ba birkin ne ya sa ni kuka ba. Ban yi saurin sakin ka ba ne."

Ta rataya jakarta, ta ce daga yau da ƙafa za ta tafi har sai an ɗaura. Bai yi musu ba. Kullum yana binta daga nesa yana tura babur, abokai na yi masa ihu wai mai ya ƙare.

Safiyar farko bayan aure ta hau bayansa, babu jaka. Ta matso ta raɗa masa, "Angona, ina birkin?"

Ya ja babur a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, ido cike da ƙwalla. Ita ta riƙe shi da kanta.