Zanen Inna da Tukwanen Amarya

Raihanatu na durƙushe a tsakar gida tana dirzar tukunya da toka, sai ta hango abin da ke hannun Ilham, yayar mijinta. Baƙin zanen saƙi ne, shi kaɗai marigayiya innarta ta bar mata kafin a kawo ta Ƙonni daga Tajaye. Ilham ta cire shi daga igiyar shanya, ta tsoma a ruwan jabel mai kashe launi, tana goge bakin ƙofa da shi.

"Yaya, zanen Innata ne!"

"Au, zane ne? Na ɗauka tsumma ne. To ke da komi naki toka-toka, wa zai gane na ɗaurawa da na shara?"

Kafin ta fizge shi, jabel ya gama cin rinin, zanen ya yi dabbare-dabbare. Da Mahfuz ya dawo daga Malbaza da kamiyonsa, babbar motar dakon siminti, ya iske ta idanu sun kumbura. Yana son matarsa, wannan ba musu, amma gaban yayarsa bakinsa mutuwa yake yi. "Ki yi haƙuri," abin da ya iya cewa ke nan. Haƙuri dai! Ta ninke zanen, ta sa a ƙasan akwati, ta rantse sai Ilham ta zubar da hawaye irin nata.

Wata huɗu tana jira, tana gaisuwa da murmushi, cikinta kuwa kamar garwashi. Sai ga bikin Ummul Khairi, ɗiyar Ilham. An sayo tukwanen dalma goma sha biyu na jere, amma sun yi dishi-dishi. Ana gobe dangin ango za su zo daga Illela ganin kaya, Ilham ta shigo tana yatsina.

"Ke, mi kike sa ma naki suke walƙiya haka?"

Raihanatu ta ga damar da take jira ta samu. Kowace yarinyar Tajaye ta san ruwan tsamiya ke fito da hasken dalma, kanwa kuwa baƙanta ta take yi.

"Kanwa ce, Yaya. Ki zuba da yawa, ki bari ta tafasa sosai."

Washegari da hantsi labari ya iso: tukwane sun yi baƙi ƙirin. Har da ɗan rausaya ta yi a ɗaki, ta yafa gyale ta tafi kallo. Amma ba Ilham ta tarar tana kuka ba. Ummul Khairi ce, yarinyar da ita kaɗai a gidan nan ke durƙusawa ta gaishe ta.

"Tanti, za su ce da tsofaffin tukwane aka kai ni," in ji ta, tana shessheƙa.

Mahfuz na tsaye gefe. Ya ce, "Yaya ta ce da gangan kika yi. Na rantse mata ba ki sani ba, don matata ba ta mugunta. Ko ba haka ba?"

Da ta ce e, shi ke nan, ta tsira. Ta dubi mutumin da bai taɓa musa wa yayarsa ba sai yau, kuma a kan ƙarya.

"Na sani," ta ce a hankali. "Saboda zanen Inna na yi."

Ya kau da kai, ya fita. Wallahi da mari ya yi mata, da ya fi sauƙi.

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu. "A kawo mini tsamiya da lemun tsami da toka, a hura wuta uku." Tana tafasawa tana dirza, har fatar yatsunta ta saɓule. Kafin la'asar, tukwane goma sha biyu na jere, mutum na ganin fuskarsa a jikinsu.

Kwana uku Mahfuz bai taɓa tuwonta ba, ita kuma ba ta fasa ajiye masa ba. Ran na huɗu Ilham ta yi sallama da ƙunshi a hannu, ta ajiye gabanta. Zanen saƙi ne na marigayiya Hajiya, mahaifiyarsu ita da Mahfuz.

"Mahfuz ya faɗa mini komi. Ba zai zama na innarki ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Amma shi kaɗai gare ni."

Ga hawayen da Raihanatu ta yi wata huɗu tana jira, sai ga shi ita ce ke share su da bakin gyalenta. Ranar ta gane ramuwa ba ta tsayawa kan mai laifi, na kusa da zuciyarka take fara ƙonawa.

Mahfuz ya ɗaga labule, ya dube su, ya ce, "Akwai sauran tuwon nan?"